Yadda za ku koya wa matashi ya daina yi wa kansa gori

Lokacin fitar sakamakon jarrabawa ake gane su. Yara biyu ne, ajinsu ɗaya, dukansu ba su samu makin da suke nema a JAMB ba. Namijin ya yi kwana biyu fuska a murtuke, ran na uku ya koma filin ƙwallo yana zancen sake cike fom baɗi. Ita kuwa ta shige ɗaki, abinci sai an matsa mata, in an tambaye ta ta ce ba komai. Da za a leƙa cikinta, ga abin da za a ji: "Daƙiƙiya kawai, kin cinye kuɗin Baba a banza, dama yaushe kika taɓa yin abin kirki." Babu wanda ya faɗa mata haka a gidan ranar. Ita ke zagin, ita ake zagi, kuma ba ta da inda za ta gudu ta huta, tunda da mai zagin take kwana take tashi.

Wannan muryar ta ciki ce za mu yi aiki a kanta. Masana halayyar ɗan'adam suna kiran kishiyarta tausayin kai. Wadda ta fi shahara da binciken ita ce Kristin Neff ta Jami'ar Texas a Amurka, wadda a 2003 ta fitar da ma'auni mai tambayoyi 26 na gwada yadda mutum ke bi da kansa idan ya kasa. Ta ce abin ƙafa uku gare shi kamar murhu: mutum ya yi wa kansa magana mai taushi, ya tuna ba a kansa farau ba, ya kuma kalli abin da ke damunsa daidai girmansa, ba ƙari ba ragi. Binciken da aka yi ta yi a kan matasa bayan nan ya tsaya a kan abu guda: waɗanda suka fi sassauta wa kansu sun fi ƙarancin alamomin ciwon damuwa.

Na san abin da wani uban zai ce: ai wannan sangarta ce, yaro ya faɗi jarrabawa kuma a ce ya lallashi kansa? To a 2012 an gwada a Jami'ar California da ke Berkeley. Aka ba ɗalibai jarrabawa mai wuya da gangan, suka sha ƙasa. Waɗanda aka yi musu maganar su sassauta wa kansu sun fi sauran daɗewa suna karatu kafin zagaye na biyu. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ya san bulala na jiransa a cikin kansa duk sanda ya kuskure, gudun littafin zai yi gaba ɗaya.

Sati na farko: ku zuba ido, ku yi shiru

Kada ku fara da nasiha. Ku ɗauki kwana bakwai kuna lura da abu ɗaya tak: me yaron ke yi idan ya yi kuskure? Ya fasa kofi, ta ƙona miya, an yi masa gyara a hadda gaban 'yan aji. Wa yake ɗora wa laifin, kuma har yaushe abin ke zama a ransa?

Masana sun kasa halin mutum gida biyar, amma wanda ya fi alaƙa da ciwon damuwa shi ne saurin shiga damuwa: yaron da abu kaɗan ke girgiza shi, kuma ya daɗe bai dawo daidai ba. A gidajenmu yakan zo da fuska iri-iri. Akwai mai zurfin ciki, wanda ko ciwo yake ba zai faɗa ba. Akwai mai son komai ya fita cif, wadda in ta zo ta biyu a aji kuka take kamar an yi mutuwa. Akwai mai kara da yawa, ba ya iya cewa a'a, in aka yi faɗa a gida shi ke jin laifinsa ne ko da ba ya nan. Akwai kuma mai zafin zuciya, wanda ake ɗauka fitsararre ne, alhali bayan ya huce ya fi kowa tsine wa kansa. Abin takaici, uku na farkon su muke yabo: yaro mai hankali, ba ya hayaniya. Shi ya sa su ake makara a kansu.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Akwai gaskiya a ciki, don mai saurin damuwa ba zai wayi gari ya zama ɗan ba-ruwana ba, kuma kada ku sa wannan a gaba. Abin da ke gogewa shi ne kalaman da yake jifan kansa da su bayan damuwar ta zo. Waɗannan koyonsu ya yi, kuma ana iya koya masa wasu.

Ku tantance: ɓacin rai ne ko ciwo?

Wannan matakin ba a tsallake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na sahun gaba. Bayan balaga 'yan mata sun fi kamuwa, kusan ninki biyu na maza.

Ɓacin rai na yau da kullum yana da dalili, kuma yana sassautawa: a kawo labari mai daɗi yaro ya yi dariya. Ciwon damuwa kuwa likitoci na dubansa ne idan abin ya kai sati biyu, kusan kullum, kusan duk yini. Abin da za ku duba: ƙunci ko yawan fushi, domin a matasa sau da yawa ciwon da fushi yake fitowa, ba da kuka ba, daina jin daɗin abin da da yake so, ƙwallo ne, ɗinki ne, hira da ƙawaye ce, barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, cin abinci ya ragu ko ya ƙaru, kasala, kasa tattara hankali a karatu, jiki ya yi sanyi ko ya kasa zama wuri ɗaya, ganin kansa ba shi da amfani, sai tunanin mutuwa. Idan biyar daga cikin waɗannan suka haɗu, kuma akwai ɗaya daga biyun farko (wato ƙunci ko fushi, da daina jin daɗin abin da yake so), maganar ta wuce ta gida kaɗai. Ku lura kuma da ciwon kai da ciwon ciki da aka yi ta gwajin maleriya da taifot ba a ga komai ba.

Sannan tambayar da kowa ke tsoro. Idan kun ji yana cewa "gara ma na mutu" ko "ku kusa hutawa da ni", ku tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, an bincika an tabbatar. In ya ce e, kada ku yi salati ku hau shi da wa'azin wuta. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da duk ƙwayoyin da ke gidan a kulle, a kai shi asibiti a ranar. Sauran matakan su jira.

Ku fara gyara naku bakin

A nan ne aikin ya fi ɗaci, don mu iyaye da yayye ya shafa. Ku saurari zagin da yaron ke yi wa kansa da kyau, za ku ji kalmomin ba baƙi ba ne. "Sakarai." "Ba ka da zuciya." "Dubi ɗan gidan wane." Wani ya faɗa sau ɗaya cikin fushi ya manta, shi kuwa yaron ya haddace, yana yi wa kansa tilawa shekara da shekaru. Laƙabin tsokana ma haka, irin wanda ake sa wa yaro saboda ƙiba ko baƙi ko in'ina, duk gida na dariya, shi ma yana taya ku don ba shi da yadda zai yi.

Ba a ce ku daina faɗa ba. A raba aikin da mai aikin ne kawai. "Abin da ka yi bai dace ba, gobe ka je ka ba shi haƙuri" faɗa ne, kuma akwai ƙofar fita a cikinsa. "Kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba" hukunci ne, babu abin da yaro zai yi da shi sai ya haɗiye. An taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wani da ya sha giya, aka yi masa horo, da ya juya sai wani ya ce Allah ya kunyata ka. Annabi ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kansa. Horon ya tabbata, amma tsinuwar ba a yarda da ita ba.

Wani abu mai sauƙi da ke aiki sosai: ku bari yaron ya ji yadda kuke yi da naku kuskuren. Mama ta zuba gishiri ya zarce, maimakon "kai, ni dai ban da amfani yau", sai ta ce, "Gishiri ya yi yawa, hankalina na wani wuri, miƙo min dankali mu gyara." Baba ya ba da labarin shekarar da ya yi asara a kasuwa da yadda ya tashi. Yara da yawa sun ɗauka iyayensu ba su taɓa faɗuwa ba.

Wa zai yi maganar, kuma a ina?

Ba dole sai uwa ko uba ba. In ɗan fari ne, kunya ma ba za ta bar zancen ya yi nisa ba. Ku duba wanda yaron ke sakin jiki da shi: goggo, kawu, yaya, malamin Islamiyya mai sanyin hali. Kaka ta fi kowa dama, don wasan jika da kaka na buɗe bakin da ya ƙi buɗuwa. Sharaɗi ɗaya: mai riƙe sirri. In maganar ta zaga dangi, an rufe ƙofar ke nan.

Kada a kira shi ɗaki a zaunar da shi kamar gaban alƙali. A yi maganar hannu na aiki, ido ba ya cikin ido: ana tsinke zogale, ana wanke babur, ana dawowa daga masallaci bayan isha'i. A fara da abin da aka gani: "Auta, kwana biyu na ga ba kya fitowa tsakar gida, abincinki ma kina ragewa. Me ke cin ranki?" Za ta ce ba komai. A ce, "To, ina nan dai," a ci gaba da aiki. Sau da yawa sai a karo na uku ko na huɗu maganar ke fitowa. In ta fito, ku riƙe "ki yi haƙuri" da "wasu sun fi ki shiga matsala" tukuna. Gaskiya ne, amma in suka zo da wuri, abin da yarinya ke ji shi ne an ce ta yi shiru.

Gwajin aminiya

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma takarda da biro kawai yake buƙata. A raba takardar gida biyu.

In yarinya ce, a ce mata: "Ki ɗauka aminiyarki ce ta samu wannan makin, ta zo tana kuka. Rubuta abin da za ki ce mata, da irin muryar da za ki faɗa." Za ta rubuta abu kamar: kin yi ƙoƙari, lissafin ne ya ba ki matsala, za mu nemi mai koya miki, ba a kanki aka fara ba. Sai a ce: "A ɗaya gefen rubuta abin da kika faɗa wa kanki daren da sakamakon ya fito. Kada ki gyara, yadda yake." Sai ta karanta biyun da kanta.

Kada ku yi sharhi. Tambaya ɗaya ta isa: "Da kin faɗa wa aminiyarki na gefen nan, da yanzu kuna tare?" Yawancin yara a nan suke yin tsit, wasu su yi dariya, wasu hawaye. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su waɗannan yaran akasin haka suke: na kowa suna yi masa uzuri, nasu ne kaɗai suke hangowa kamar Dala.

Daga nan sai ta ɗauki jumla ɗaya daga gefen zagin ta sake ta, da sharaɗin sabuwar ta zama gaskiya. Wannan sharaɗin ne ke raba tausayin kai da yaudarar kai. "Ni daƙiƙiya ce" ba za ta koma "na fi kowa ƙwaƙwalwa" ba, don ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. Za ta koma: "Ban samu makin da nake so ba, ya yi min ciwo, kuma Ingilishi da lissafi ne ke buƙatar aiki." Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya ce "khabusat nafsi", ya ce a ce "laƙisat nafsi". Malamai sun ce ma'anar biyun kusan ɗaya ce, wato raina ba daɗi, amma ta farkon na ɗauke da kalmar ƙazanta da mugunta, shi ne aka ƙi mutum ya jingina wa kansa ita. Halin da ake ciki bai canza ba, kalmar aka canza.

A maimaita wannan sau biyu ko uku a sati, minti goma. Takardar tata ce, ba mai karantawa sai ta ba shi. In ba ta son rubutu, ta faɗa da baki.

Na aljihu, don lokacin da abin ya taso

Zagin kai ba ya jiran a zauna da biro. Yana zuwa a tsakiyar aji, ko ƙarfe biyun dare. Sai a koya wa yaro gajere wanda bai wuce minti biyu ba. Ya dafa ƙirjinsa, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, sau biyar. Fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Sannan ya faɗi abu uku a ransa. Na farko ya kira abin da sunansa: "Kunya nake ji," ko "tsoro ne wannan." Na biyu: "Ba ni kaɗai ba ne, duk wanda aka yi wa haka zai ji ciwo." Na uku: "Me zai taimake ni yanzu?" Amsar kan zama ƙarama: shan ruwa, alwala, fita waje, kiran yaya. Wanda ya saba da azkar ya haɗa da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ai tana cikin na safe da yamma da yara da yawa suka haddace.

Wasu samarin za su ce wannan abin mata ne. Kada ku yi musu. Ku tambaye shi kocin da ya fi so a ƙwallo, me yake ce wa ɗan wasan da ya ɓarar da fanareti, ga wasa saura minti ashirin. Ya ari wannan muryar.

Abin lura: yaron da ya daɗe yana shan tsangwama, ran da ya fara yi wa kansa magana mai taushi, kuka na iya ɓalle masa fiye da da. Masu wannan fanni sun san da haka. A rage, a koma numfashi kaɗai na 'yan kwanaki. In kuwa ya fara faɗin wani abu da aka taɓa yi masa, duka mai tsanani ko taɓa masa jiki, ku gaskata shi, ku nemi likita.

Kowane hali da inda ake kama shi

Mai son komai cif, ku daina tambayarta ta nawa ta zo, ku tambaye ta me ta koya. Ku sa ta wani abin da ba maki a cikinsa, kitso ko girki ko shuka, inda za ta ɓata ta sake ba wanda ya ƙirga. Mai zurfin ciki, ku ba shi hanya gajera: kullum da dare ya faɗi lamba daga 1 zuwa 10 ta yadda ransa yake, ba sai ya yi bayani ba. In kwana uku a jere yana ƙasa da 4, ku matso. Mai kara, ku koya masa jumla ɗaya ya riƙe: "Yau ba zan iya ba." Mai zafin zuciya kuwa, ba a yi masa magana yana tafasa, sai ya huce, kuma a fara da tambayar me ya ji kafin ya fashe.

Barci, waya da rana

Duk wannan ba zai kama ba in jiki a gajiye yake. Mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Ku yi lissafi: yaron da ke tashi asuba, in yana kan TikTok har ƙarfe ɗaya, awa nawa ya samu? A sa dokar gida, ba ta shi kaɗai ba: wayoyi su kwana a falo, har da ta Baba. Kullum ya fita ya ga rana, ya motsa jiki ko da tafiyar rabin awa ce. Mai ciwon damuwa yakan ce sai ya ji daɗi zai fita, alhali fitar ce ke jawo jin daɗin. A zaɓi abu ɗaya ƙarami kowace rana, a raka shi ya yi.

Ku sa ido kuma kan abin da ake kira maganin damuwa a bakin titi. Matasa da yawa da suka faɗa kodin da tiramadol, barci da mantuwa suka je nema tun farko.

Zuwa asibiti

In alamomin nan sun kai sati biyu, ko yaro ya daina zuwa makaranta, ko kun yi wata guda kuna wannan aikin abin na ƙara gaba, ku tafi. Za ku iya farawa da likitan babban asibiti mafi kusa, ya duba jini, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo kasala mai kama da wannan. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin wannan fanni a Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano. Na san sunan da ake kiran waɗannan wurare da shi, kuma na san tsoron kada a ce 'yar gidan wane an kai ta can, wa zai aure ta. Amma yawancin masu zuwa ganin likita suke su koma gida a ranar. Tun farkon 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da sirrin mara lafiya.

Kafin ku je, ku rubuta ranar da abin ya fara, yadda barci da ci suke, da ko akwai mai irin ciwon a dangi. Ku bar yaron ya gana da likita shi kaɗai na ɗan lokaci. Ga matasa, maganin farko yawanci zaman tattaunawa ne da ƙwararre. In ciwon ya yi nauyi likita na iya haɗawa da ƙwaya. Ba ta aiki nan take, takan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ga canji sosai, kuma makonnin farko ne ake ƙara sa ido, don wasu matasan tunanin cutar da kai kan ƙaru musu a lokacin. Kada a saya a kemis ba takardar likita, kada kuma a daina rana ɗaya don an ga sauƙi. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, a haɗa. Wanda dai ya ce a daina maganin likita, ko a ɗaure yaro, ko a doke shi don a fitar da aljani, ku ɗauke ɗanku ku bar wurin.

Ranar komawa asibiti, ku tafi da lambobin nan na dare da yaron ke faɗa, a rubuce da kwanan wata. Likita zai fi gane inda aka dosa da su fiye da "da sauƙi" da za ku ce masa.